Tambaya da Amsa: Tsofaffin Kayan Katako na Turai a Gidajen Zariya

Wasiƙun wannan fitowa sun karkata ga tsofaffin kujeru da tebura da kabad-kabad da aka ƙera a Turai, waɗanda har yanzu akan ci karo da su jefi-jefi a gidajen Zariya da kewaye. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda ƙarancin fili, kuma kamar yadda muka saba, ba mu bayyana sunayen waɗanda suka aiko su ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Kakanmu ya yi aikin reluwe a Zariya, kuma ya bar mana wani kabad mai durowa biyar da wani Bature ya ba shi lokacin da zai koma gida gab da samun 'yancin kai. Kabad ɗin yana rabuwa biyu, sama da ƙasa, mariƙansa kuma na tagulla ne a nutse cikin katakon. Wani dillali ya ce ya kai shekara 200, wani kuma ya ce aikin kafintocin Sabon Gari ne. Wa zan gaskata? (Daga wata uwargida a Tudun Wada)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki gaskata ko ɗaya daga cikinsu tukuna, domin dillalin da ke fatan ki damƙa masa kaya ya sayar ya ci la'ada yakan ƙara musu shekaru, wanda kuma ke son ya saya wa kansa yakan rage. Kabad ɗin ne zai faɗa miki shekarunsa, idan kika san inda za ki duba.

Siffar da kika bayyana ta kayan tafiya ce, irin waɗanda aka riƙa ƙera wa hafsoshin soja da ma'aikatan mulkin mallaka na Ingila a ƙarni na 19 har zuwa farkon ƙarni na 20. An raba shi biyu ne domin 'yan dako ko dabba su iya ɗauka, an nutsar da mariƙan domin kada su karye a hanya, kuma sau da yawa akan ɗaure kusurwoyinsa da tagulla, ƙafafunsa ma akan kwance su a ajiye. Sai dai ba a Ingila kaɗai aka yi irinsa ba. An ƙera da yawa a Indiya da biranen gaɓar tekun Sin, wasu da itacen kafur wanda ƙamshinsa ke daɗewa a cikin durowa, sannan daga baya kafintoci a ko'ina suka kwaikwayi fasalin. Saboda haka siffa kaɗai ba ta yanke hukunci.

Tarihin garinmu ma yana taimakawa wajen rage zato. Turawan Ingila sun kama Zariya a 1902, kuma layin dogo da ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911. Kafin zuwan jirgin ƙasa, duk abin da Bature zai kawo Arewa sai an ɗauko shi a ka daga bakin kogi, don haka babu mai wahalar da kansa da manyan kaya masu nauyi. Bayan zuwan jirgi ne kamfanonin ciniki irin su John Holt da Paterson Zochonis, wanda unguwar PZ ta samo sunanta daga gare shi, da 'yan mishan da ma'aikatan auduga suka fara shigo da kayan ɗaki. Ko a lokacin ma, galibin gadaje da tebura da ke gidajen gwamnati ba daga Turai suka zo ba, Ma'aikatar Ayyuka ce ta ƙera su a nan ƙasar da katakon loko da mahoganin kudu. Ba mamaki Bature ya taho da kabad ɗin da ya gada daga mahaifinsa, amma abin da aka fi samu a Zariya shi ne kayan da aka yi tsakanin ƙarshen mulkin Sarauniya Biktoriya, wadda ta rasu a 1901, da shekarun 1950.

Ki zaro durowa ɗaya gaba ɗaya, ki fitar da ita tsakar gida inda haske yake, ki dubi kusurwar da gabanta ya haɗu da gefenta. Za ki ga wasu haƙoran katako da suka shige cikin juna. Idan aikin hannu ne, haƙoran ba sa zama daidai wa daida, wasunsu sirara ne ƙwarai, kuma sau da yawa za ki ga siririn layin da kafinta ya ja da wuƙa domin ya san iyakar inda zai yanka. Idan kuwa duk girmansu ɗaya, tazararsu ɗaya, to inji ne ya yanka, kuma wannan bai zama ruwan dare ba sai a ƙarshen ƙarni na 19. Daga nan ki kifa durowar ki dubi ƙasanta. Falankin gaske wanda ya ɗan tsuke har ya bar rata alama ce ta tsufa, filawud kuwa yana nuna ƙarni na 20, ko kuma gyaran da aka yi daga baya. Ki lura kuma da irin katakon da ke gefen durowar. Kafintocin Ingila sukan sa katako mai tsada a fuska, su sa wani daban, sau da yawa mai sauƙin kuɗi da hasken launi, a ciki da baya, alhali aikin da aka yi a nan yakan kasance da katako iri ɗaya ciki da waje, kuma yakan fi nauyi.

Ƙarafan jikinsa su ma shaidu ne. Sukuru mai kai da tsaga ɗaya shi ne na da, wanda kansa ke da alamar gicciye kuwa bai shigo ba sai a shekarun 1930, don haka idan shi ne ko'ina a jikin kabad ɗin, maganar shekara 200 ta faɗi. Ki duba saman kubar kowace durowa da kyau, ko da sai kin goge ƙurar da ɗan tsumma. Akan sami sunan maƙeran kuba na Landan kamar Chubb ko Bramah ko Hobbs, wani lokaci kuma da hoton kambi da haruffan VR, waɗanda ke nuna zamanin Biktoriya, wato 1837 zuwa 1901. Amma ki tuna ana iya cire tsohuwar kuba a sa wa sabon kabad, shi ya sa ake son shaidu su taru su yarda da juna: haƙora, da katako, da sukuru, da kuba, da kuma zaizayar da shekaru suka yi wa ƙasan gefen durowa inda take gurzar jikin kabad.

A kasuwar waɗannan kaya, abin da ya cika shekara 100 ne ake lissafa shi cikin tsofaffin kaya na gaske, wato a yanzu wanda aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1920. Idan binciken ya nuna cewa dillali na biyu ne ke da gaskiya, kada ki ji an rage miki wani abu mai yawa. A ganina kabad ɗin da wani kafintan Sabon Gari ya yi da hannu a shekarun 1930 ya fi wahalar samu a yau bisa ga takwaransa na Ingila, wanda suke da shi birjik a can. Ki rubuta abin da kuka sani game da kakanku da Baturen da shekarar da aka yi kyautar, ki ajiye takardar a cikin durowa, domin masu saye na gaske suna biyan kuɗi a kan asali tabbatacce.

Tambaya: Na sayi wani teburin rubutu daga iyalan wani tsohon malamin jami'a da ya zo da shi daga Ingila. A damina lafiya lau yake, har durowarsa kan cije, amma da hunturu ya shigo sai na ji ƙara da dare, da safe na tarar samansa ya tsage, wani siririn katako da ke fuskarsa kuma ya fara ɗagowa. Shin an sayar mini da ruɓaɓɓen kaya ne? (Daga wani malami a Samaru)

Amsa: Malam, ba a cuce ka ba, iskar Zariya ce ta yi aikinta. Katako ko ya shekara 300 bai daina shan danshi daga iska yana kuma fitar da shi ba. Idan ya sha sai ya kumbura, shi ya sa durowarka ke cijewa a watan Agusta, idan ya fitar kuma sai ya tsuke. Wannan motsi a faɗin falanki yake faruwa, a tsawonsa kuwa kusan babu, kuma a nan matsalar take. Duk inda kafinta ya haɗa katako biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a gicciye, to ɗayan yana son ya tsuke ɗayan kuma ya riƙe shi, har sai mai rauni a cikinsu ya tsage. Masu adana kayan tarihi suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. A nan kuwa yakan haura kashi 80 a tsakiyar damina, ya faɗo ƙasa da kashi 20 a hunturu, kuma teburin da aka ƙera domin sanyi da laimar Ingila ba a shirya shi domin wannan hawa da sauka ba. Abin da ke sa diddige ya yi faso a watan Janairu shi ne ya tsaga teburinka.

Siririn katakon da ke ɗagowa falle ne na itace mai tsada da aka liƙa a kan wani katakon, kuma wannan ba algus ba ne, tsohuwar sana'a ce da manyan kafintocin Turai suka yi suna da ita. Gam ɗin da suka yi amfani da shi daga fata da ƙashin dabbobi ake dafa shi. Yana bushewa ya yi ƙarfi, amma tsananin bushewar iska yana sa shi ya gaggautse ya saki. Alherinsa shi ne ɗumi da ɗan ruwa suna sake narkar da shi, don haka abin da aka liƙa da shi ana iya gyara shi sau da yawa ba tare da an ɓata komai ba. Saboda haka kada ka bari a ɗura wa fallen nan gam mai kamawa nan take irin na gyaran takalmi ko na roba, domin idan ya kama a karkace, sai dai a fasa. A yanzu ka riƙe gefen da ya ɗago da tef ɗin takarda mara ƙarfin kamu, domin kada tsumma ko hannun riga ya fizge shi, duk ɓallin da ya faɗo kuma ka sa shi a ambulan ka ajiye.

Game da tsagar, shawarata ita ce ka yi haƙuri har ruwa ya sauka. Sau da yawa za ka ga ta rufe da kanta ko ta ragu ƙwarai. Idan aka cika ta da abu mai tauri a hunturu, to da damina katakon zai kumbura ya rasa wurin zuwa, sai ya tsage a wani wurin ko ya bankare. Abin da ya rage a buɗe bayan damina shi ne mai gyara zai cike da siririn katako irin na teburin.

Wurin ajiya ya fi kowane magani. Ka nisanta teburin daga taga da ƙofar da iskar gabas ke bugowa, kada rana ta faɗa masa kai tsaye, kuma kada ka ajiye shi a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, domin ita ma tana tsotse danshin iska. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango irin na cikin birni ya fi ɗakin bulo mai rufin kwano alheri ga irin waɗannan kaya, saboda zafi da sanyi ba sa sauyawa a cikinsa farat ɗaya. Daga Nuwamba zuwa Maris ka riƙa rufe tagogi, ka ajiye faffaɗan kwano da ruwa a kusa da shi, ba a kansa ba, ka kuma lulluɓe shi da zanen auduga idan ba a aiki a kai. Leda ba ta dace ba, domin da damina tana tara gumi ta jawo fumfuna.

Tambaya: Ni kafinta ne. Wata Hajiya ta kawo mini tsohon teburin madubi na Turai, ta ce in kankare shi da samfefa in fesa masa sabon fenti mai ƙyalli domin za ta sa a ɗakin 'yarta amarya. Samansa duk tabon turare ne da farin zagaye na kofi. Hannuna ya ƙi yarda in fara. Me kuke gani? (Daga wani kafinta a Sabon Gari)

Amsa: Madalla da hannun da ya ƙi, maigida. Kankare tsohon shafe shi ne ɓarnar da ba ta da gyara a wannan sana'a, domin launin da katako ya yi cikin shekara 100 a saman fatarsa kawai yake, kuma injin samfefa yana cinye shi cikin minti kaɗan. Idan kuma teburin mai falle ne, kana iya huda fallen ka faɗa kan katakon ƙasa kafin ka ankara. Masu sayen tsofaffin kaya suna rage kuɗi sosai a kan abin da aka kankare aka fesa, ko da ya fi ƙyalli a ido.

Ka fara gano irin shafen da ke jikinsa. Daga wajen 1820 kafintocin Ingila suka rungumi shafen shelak, wanda ake samu daga wani ƙaramin ƙwaro da ke tara danƙo a rassan itatuwa a Indiya da Tailan, a narkar da shi a sifirit, a riƙa shafawa da ƙullin auduga a cikin ƙyalle, shafi bisa shafi, har ya yi sheƙi mai zurfi. Ka jiƙa ɗan auduga da sifirit ka taɓa wani ɓoyayyen wuri, kamar bayan ƙafa. Idan wurin ya yi danƙo yana kama audugar, shelak ne. Wannan ne kuma ya bayyana tabon da ka gani, domin yawancin turaren fesawa akwai sifirit a cikinsa, kuma kowane ɗigo da ya gangaro daga kwalba yana narkar da shafen. Farin zagayen kuwa danshi ne da zafin kofi ko filas ya tura cikin shafen ya maƙale.

Daɗin shelak shi ne sabo yana narkewa ya haɗe da tsoho, saboda haka ana gyara wurin da ya lalace kaɗai a bar sauran. Ka share ƙura da burushi mai laushi tukuna, domin ƙurar hunturu tana da yashi, kuma idan ka murza ta da tsumma kai ma ka zama samfefa. Sannan ka goge dattin da ƙyallen da ka tsoma a ruwan sabulu mara ƙarfi ka matse shi sosai, kana bi da busasshe nan take, ɗan wuri bayan ɗan wuri. Farin tabo mara zurfi yakan ɓace idan aka shafa kakin zuma aka murza a hankali. Inda turare ya ci har katako, sai a cike da sabon shelak kaɗan-kaɗan, ana bari yana bushewa. A ƙarshe ka shafa kakin zuma sirit, ka bar shi ya sha iska, ka goge da tsohuwar riga ta auduga. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar. Ka gargaɗi Hajiya a kan man gyaɗa da man ja da wasu ke shafa wa katako, domin suna kama ƙura su yi baƙi su yi danƙo, haka nan maganin goge kaya na fesawa, wanda yawanci ke barin wani santsi da ke hana kowane shafe kamawa daga baya.

Sauran aikin na baki ne. Ka gyara kusurwa ɗaya ka nuna mata, domin gani ya kori ji, ka kuma ba ta shawarar a yanko gilashi daidai saman teburin, amarya ta jera turarukanta a kai, kaskon turaren wuta kuma a nisanta shi. Idan bayan haka ta nace sai fenti, kayanta ne, amma ka sauke nauyin da ke kanka.

Tambaya: Ina ganin ƙananan huji a ƙafafun wata tsohuwar kujera, da gari kamar na alkama a ƙasa. An ce in shafa mata baƙin mai ko in zuba fiya-fiya. (Daga wata ɗaliba a Kongo)

Amsa: 'Yata, kada ki yi ko ɗaya. Baƙin mai yana shiga katako ya ɓata shi har abada, gam ba zai ƙara kama wurin ba, fiya-fiya kuwa guba ce da ba ta dace da kujerar da mutane ke zama a kai a cikin ɗaki ba. Hujin da kike gani ƙofar fita ce. Ƙwaron yana yin ƙwai a jikin katako, tsutsarsa ta daɗe tana ci daga ciki, sai ta girma ta huda ta fito. Huji mai duhu wanda ba ya zubar da komai tsohon tabo ne, kuma kayan Turai da yawa da shi suka zo. Amma sabon gari mai haske yana nufin akwai masu rai a ciki. Ki ware kujerar daga sauran kaya, ki shimfiɗa baƙar takarda a ƙarƙashinta na mako biyu domin ki ga ƙafar da ke zubarwa, sannan a sami maganin ƙwarin katako mai sinadarin fametirin a ɗura shi da sirinji cikin kowane huji, a shafa kuma a wuraren da ba su da shafe, a waje inda iska ke kaɗawa. Za a maimaita idan garin ya dawo.

Gara ta fi wannan ƙwaro haɗari a wurinmu, domin tana iya cinye cikin ƙafar kabad ta bar fatar waje kamar ba abin da ya faru. Daga ƙasa da bango take zuwa, don haka a bar rata tsakanin kaya da bango, a ɗora ƙafafun a kan tayil ko dutse, a riƙa leƙa baya ana neman hanyar ƙasa da take ginawa, musamman a farkon damina.

Tambaya: Na gani a intanet an sayar da wani kabad a Landan a kan miliyoyin fam. A gidanmu akwai manyan kayan Turai da mahaifinmu ya bari, ba a raba gado ba tukuna. Ina tunanin in kai su Ingila in sayar, in kuma riƙa saro wasu ina kawowa. Ina neman shawara. (Daga wani ɗan kasuwa a Ƙofar Doka)

Amsa: Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifinku. Labarin da ka gani yana faruwa, amma ga kaya ƙalilan. A 2004 gidan gwanjon Christie's ya sayar da wani kabad da aka ƙera a birnin Fulorans na Italiya a ƙarni na 18 a kan fam miliyan 19, sai dai wannan an yi shi ne domin wani babban basaraken Ingila, da baƙin itacen eboni, ɗan'uwan kanyarmu, aka kuma ƙawata shi da duwatsu masu daraja, kuma an san hannun da ya bi tun daga ranar da aka gama shi. Haka kayan da aka tabbatar sun fito daga shagon shahararren kafintan Ingila Thomas Chippendale, wanda ya wallafa littafin zane-zanensa a 1754. Amma dubban kafintoci sun kwaikwayi zanensa har cikin ƙarni na 20, kuma kujerar da aka yi a salonsa daban take da wadda shagonsa ya yi, a asali da kuma a farashi.

Gaskiyar kasuwa ita ce farashin manyan kayan mahogani na zamanin Biktoriya ya faɗi ƙwarai a Ingila tun daga farkon shekarun 2000, domin gidaje sun ƙanƙance, matasa kuma ba sa son kaya masu duhu da nauyi. Wadirof ɗin da ya cika rabin ɗaki yana iya kasa biyan kuɗin akwatin da za a rufe shi da jigilarsa daga Zariya zuwa Legas zuwa Landan, balle inshora da la'adar gidan gwanjo. Kafin ka kashe ko kwabo, ka ɗauki hotuna masu kyau na gaba da baya da ƙasa da cikin durowa da duk wani tambari, irin na kamfanonin kayan ɗaki na Ingila kamar Gillows ko Maple & Co. da akan buga a bakin durowa, ka auna tsawo da faɗi, ka aika wa gidajen gwanjo kamar Bonhams ko Sotheby's ko Christie's, waɗanda ke duba hotuna su faɗi ƙiyasinsu kyauta. Idan suka ce kayan ba su kai matsayinsu ba, wannan ma amsa ce mai amfani. Duk wanda kuma ya rubuto maka cewa ya sami mai saye a waje amma sai ka fara tura kuɗin rajista, ka rufe maganar.

Akwai kuma doka. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba, kuma ko da yake ta fi shafar ayyukan hannu na gida, hikima ita ce a nemi takardar hukumar kafin tsohon kaya ya isa hannun jami'an kwastam. Gidan tarihi na Kaduna yana kusa da kai. Yarjejeniyar CITES ta duniya ita ma ta ƙuntata cinikin hauren giwa da wasu itatuwa, kuma tsofaffin kayan Turai sukan zo da ɗan haure a bakin kuba ko a ado. Ingila ta tsaurara tata dokar haure tun daga 2022, ta yadda kayan da aka yi kafin 1947 ma sai haurensu bai kai kashi 10 cikin 100 na jikinsu ba, an kuma yi musu rajista, kafin a sayar.

Faɗuwar farashin nan ta fi yi wa mai saro kaya daɗi bisa ga mai sayarwa, amma ka lissafa cewa gidan gwanjo yana ɗora wa mai saye la'adar da takan kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da aka sallama, ka tambayi kwastam halin da dokar shigo da kayan ɗaki take ciki a lokacin, ka kuma zaɓi kayan katako zalla, ka guji masu falle, saboda dalilin da na bayyana wa malamin Samaru. Sai dai kafin duk wannan, kayan da ke gidanku na magada ne gaba ɗaya. A yi musu ƙima a gaban kowa, a sami yardar kowa, mata da ƙanana ma a kiyaye haƙƙinsu, sannan a yi maganar sayarwa. Idan aka zo ciniki kuma a bayyana kowane aibi da kowane gyara, ƙafar da aka sauya ko mariƙin da ba na asali ba, domin a shari'a mai saye yana da ikon mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa.

Tambaya: Muna da wasu kujeru marasa nauyi masu lanƙwasasshen katako da mazaunin saƙa. A ƙarƙashin ɗaya akwai takarda da ta kusa gogewa. Sun fara girgiɗi. (Daga wani dattijo a Wusasa)

Amsa: Baba, waɗannan irin kujerun Michael Thonet ne na birnin Biyana a ƙasar Austiriya, wanda ya ƙware wajen turara katako da tururi ya lanƙwasa shi. Shahararriyar kujerarsa mai lamba 14 ta fito a 1859, katako shida ne kacal aka haɗa da sukuru, kuma ana zuba guda 36 a kwance cikin akwati mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya, shi ya sa ta kai kowace kusurwa ta duniya, har makarantu da asibitocin mishan. Wasu kamfanoni sun yi irinta da yawa, don haka a duba takardar da cikin zoben mazaunin, ba tare da an jiƙa ko an kankare ba. Idan an ambaci ƙasar Cekosulobakiya, to bayan 1918 aka yi ta, domin a shekarar ce aka kafa ƙasar. Girgiɗin kuwa hunturu ne ya tsuke katakon, sukurun suka yi sako-sako. A ɗaure su a hankali da sukurudireba da ya dace da tsagar, kada a buga ƙusa, kada a zuba gam. Idan ramin sukuru ya faɗaɗa, a cusa ɗan siririn katako a ciki a mayar da sukurun asali. Mazaunin da ya yage kuma a sake saƙa shi ta cikin hujojin da ke zoben, kada a rufe shi da filawud.